Taya Mai Farin Zobe

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa. Nakan manta inda na ajiye carbina, nakan kira jika da sunan ɗan'uwansa. Amma abin da ya faru tsakanina da yayana a kan tayoyin mota guda biyu, wannan ba zai fita daga raina ba sai ranar da aka mayar da ni ƙasa. Yau shekara hamsin ke nan ko kusa da haka, kuma duk wanda ke cikin labarin ya riga ni tafiya, ni kaɗai na rage da shi.

Mu mutanen wajen Gafasa ne, ƙasar Ajingi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonaki da 'yan shanu, mu biyu ne maza. Yayana ya girme ni da shekara tara, shi ya riƙe ni, shi ya yi mini aure. Allo kawai ya yi. Ni ne aka kama aka kai elementare a Gaya, na yi aji huɗu na dawo gida. Aji huɗu ba wani karatu ba ne, amma a ƙauyenmu na lokacin ni ke karanta wasiƙa, ni ke duba katin asibiti, har mutane suka sa mini suna akawu. Tun ana faɗa da wasa har na ɗauka da gaske. Kaina ya kumbura, na riƙa ganin duk abin da aka rubuta da boko a duniya ba wanda zai gagare ni.

Yayana ya yi ci-rani biyu a Kano ya koyo tuƙi. Bayan an canza kuɗi zuwa naira da kamar shekara guda, ya sayar da mafi yawan shanunsa ya sayo tsohuwar a-kori-kura, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ita ce mota ta farko da wani ɗan ƙauyenmu ya mallaka. Yana ɗaukar kaya da mutane zuwa Ajingi da Gaya, ranar kasuwa har Kademi. Mutum ne mai sanyin hannu a tuƙi, har ana tsokanarsa ana cewa mai jaki ma in ya matsa zai wuce shi. Sai ya yi dariya ya ce ai gara a makara da a fasa zuwa.

Da kaka ta zo aka fara cirar gyaɗa, tayoyinsa na baya sun riga sun goge sun yi sumul kamar tafin hannu. Shi kuma aikin gonarsa ya riƙe shi, ba halin zuwa Kano. Sai ya kira ni ya ce tunda ni na san rubutu, in duba abin da ke jikin tsohuwar taya in sayo masa irinta sak, guda biyu. Na durƙusa na share ƙasar da ke gefen tayar. Rubutu ne da yawa a zagaye, manya da ƙanana. Na kwafe manyan lambobin a takarda, 6.70-15. Ƙananan kuwa na gan su, amma ban gane su ba, don haka na yanke wa kaina hukunci cewa ba su da amfani.

A Kano mai sayar da taya ya fito mini da iri biyu, duka da wannan lamba. Ɗaya baƙa ƙirin, mai kauri, mai mummunan zane. Ɗayar kuma da farin zobe a zagaye a gefenta, tana sheƙi. Irinta na taɓa gani a motar manya lokacin da ake jera mu a bakin hanya muna 'yan makaranta. Ina ganinta na hango motar yayana tana shiga tashar Gaya ana kallonta, ana cewa akawu ne ya zaɓo. Ba zan ɗora wa mai kantin laifi ba, domin ya tambaye ni wace irin mota ce, me take ɗauka. Na miƙa masa takarda na ce ba ga lamba nan ba, ko ba ya gani ne. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya ɗaure mini biyu masu farin zobe.

Da na kawo su yayana ya juya su yana murmushi. Abu ɗaya ya tambaye ni.

“Auta, ka duba dai ko?”

“Lamba ɗaya ce, Yaya.”

“To shi ke nan.”

Washegari muka kai motar Gaya a sa su. A bakin tasha, ƙarƙashin wani ɗurumi, akwai wani tsoho mai facin taya. Tsohon soja ne, an ce ya tuƙa manyan motoci a yaƙin Turawa. Ba ya iya karanta wasiƙa, amma alamomin jikin taya ya san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Yayana ya bar ni da shi ya shiga gari wajen mai sayen gyaɗa. Tsohon ya ciro tsohuwar taya ya kwantar, ya ɗauko sabuwar ya matsa gefenta da babban yatsa, sai na ga ya tsaya. Ya tofa yawu ya goge wani wuri, ya yafito ni.

“Zo nan, ɗan boko. Karanta mini nan.”

Na ce huɗu ce, sai haruffa biyu, P da R. Ya nuna mini wuri irinsa a tsohuwar, na ce takwas ce, da haruffan nan dai. Ya tambaye ni mene ne bambancinsu. Akwai direbobi uku ko huɗu zaune a kan benci suna shan rake, duk suka juyo suna jira. Na ce wannan ai lambar kamfani ce kawai, ba ruwan mai mota da ita.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya yi mini bayani a hankali, kuma har yau ina jin muryarsa. Ya ce manyan lambobin da na kwafo, ta farko faɗin taya ce, ta biyu girman ƙarfen da ake sa ta a kai. Su dai abin da suke faɗa shi ne tayar za ta shiga. Ba su faɗi abin da za ta iya ɗauka ba. Wannan ƙaramar lamba ita ke nuna ƙarfin jikinta, kamar a ce ninki nawa ne na zare a cikin robar. Mai huɗu ta motar zama ce, wadda ke ɗaukar mutum huɗu ko biyar a kan kwalta. Mai takwas ita ce ta kaya.

“Jaki da ɗan maraƙi tsayinsu ɗaya,” in ji shi. “Wanne kake ɗora wa mangala?”

Direbobin suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce yau akawu ya gamu da hedimasta. Kunya ta rufe ni, daga nan ta juya ta zama fushi. Na ce masa, “Baba, kai faci ka sani, karatu ka bar wa masu shi.” Wallahi haka na faɗa wa mutumin da ya haife ni a shekaru.

Ya jingine tayar a jikin ɗurumin. Sannan ya ce tunda ba su taɓa ƙasa ba, in mayar da su Kano a canza mini, kwana ɗaya ne. Na ƙi, na ce yayana ya gani ya yarda. Ya ce to zai jira yayan nawa ya gaya masa da bakinsa. Ana cikin haka aka zo kiransa, wata babbar mota ta yi faci a hanyar Wudil da kaya a kanta. Ya ɗaura mana tayoyin cikin sauri, ya haɗa kayan aikinsa. Kafin ya tafi ya kama hannun rigata ya ce in gaya wa yayana kada ya ɗora musu fiye da rabin abin da ya saba, kuma kada ya yi tafiya da su da tsakar rana, har ya sami hali ya canza. Ya ce amana ce ya ba ni. Na ce to.

Yayana ya dawo, ya zagaya motar yana jin daɗi. Ya tambaye ni ko tsohon ya ce wani abu. Na ce ya ce sun yi kyau.

Ranar farko da aka yi lodi na ga tayoyin sun kwanta, cikinsu ya fito kamar na akuya mai ciki. Na tuna saƙon tsohon. Maimakon in yi magana sai na ce iska ce ta yi kaɗan, na ɗauko famfo na yi ta bugawa har suka yi tauri kamar dutse. Aka je Gaya aka dawo lafiya. Washegari ma haka. Kullum aka dawo lafiya sai in ƙara gaya wa kaina cewa tsohon surutu kawai ya yi don ya kunyata ni. Haka aka yi kwana goma sha ɗaya.

A rana ta goma sha biyu, lodi ya ja mu har rana ta take. An cika bayan mota da buhunan gyaɗa har sun wuce bodi, mutum biyar suka hau kai. A cikinsu akwai aminin mahaifinmu, wanda muke ce wa Baffa, zai je Kademi ya dubo 'yarsa da ta haihu. Tsoho ne mai barkwanci. Ya tsaya ya ƙare wa tayoyin kallo ya ce, “Wannan mota ko amarya? Har da su awarwaro.” Yayana ya ce ya shigo gaba ni in hau baya, ya ƙi, ya ce warin fetur juwa yake sa shi, ya fi son iskar Allah. Ni da hannuna na tallafa masa ya hau. Yana riƙe da ƙwaryar man shanu da zai kai wa mai jego.

Hanyar lokacin burji ce, duk gargada. Yayana yana so mu isa kafin masu sikelin sayen gyaɗa su tashi salla, sai ya ɗan taka fiye da yadda ya saba. Ba gudu ba ne, ni shaida ne. Mun wuce Ajingi da 'yar tafiya, a wata kwana mai gangare, na ji ƙara kamar an harba bindiga. Bayan motar ya ja gefe guda. Na ga yayana yana kokawa da sitiyari yana salati, sai ƙasa ta koma sama.

Da na farfaɗo ina kwance cikin wata gonar dawa, ba abin da ya same ni sai ƙujewa a gwiwar hannu. Gyaɗa ta watsu ko'ina. Mutum huɗu na saman kaya sun faɗa cikin kunyoyin gonar, sun tashi da raunuka. Yayana motar ta danne masa ƙafar dama, cinyar ta karye. Baffa kuwa buhuna ne suka rufto masa. Kafin manoman da ke kusa su taya mu ɗage su, rai ya yi halinsa. Ƙwaryar man tana gefensa a fashe.

Na ga tayar da idona. Ta hagu ce ta baya, ta tsage a gefe tun daga farin zoben, zare duk ya fito. Ba ƙusa, ba dutse. Ina ganinta na san abin da ya faru, kuma na san ni kaɗai na sani a wurin.

Aka yi jana'iza da la'asar. Aka kai yayana wajen mai ɗori, aka dawo da shi gida a kwance. Kafin kwana uku magana ta zagaya gari cewa gudu ya yi. Mutanen da jiya suke cewa jaki zai wuce shi, su ne yau ke cewa sabuwar taya ta ruɗe shi. Ba wanda ya zargi tayar, ai sabuwa ce, kuma akawu ne ya karanto ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yayana da kansa ya yarda. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa shi ya taka mota, shi ya kashe Baffa. Ina zaune a bakin ƙofa ina ji, ina amsa gaisuwa.

Ranar sadakar bakwai tsohon mai faci ya zo a kan keke tun daga Gaya. Ya yi ta'aziyya, ya duba yayana, bai ce masa komai a kan tayar ba. Da zai tafi na raka shi bakin hanya don ba yadda zan yi. Ya tsaya yana riƙe da keken.

“Ka gaya masa saƙona?”

Na sunkuyar da kai.

“Na sani,” in ji shi. “Ni ma da laifina, da na jira shi. Ba zan tona maka ba, ɗana, tsakaninku ne. Amma kada ka bar bawan Allahn nan ya ɗauki kayan da ba nasa ba.”

Na bar shi ya ɗauka. 'Ya'yan Baffa suka ce sun yafe, ƙaddara ce. Amma yayana ya aika aka tambayo masa liman, liman ya ce wanda rai ya salwanta a hannunsa bisa kuskure, akwai kaffara a kansa, azumin wata biyu a jere ba a sha ko ɗaya. Liman ya ce masa ya bari sai ya warke. Ƙafar ba ta ɗoru daidai ba, ta gajarce, sai da sanda yake tafiya. Motar an sayar da ita a matsayin ƙarfe, shanun da aka saye ta da su kuma ba su dawo ba. Da ya fara takawa bazara ta shigo, lokacin da ko tsuntsu ba ya shawagi da rana. Mahaifiyarmu ta roƙe shi ya jira damina ta sauka, ya ce ba shi da tabbacin zai kai damina.

Ya ɗauki azumi. Gidanmu ɗaya, katanga ce kawai tsakanin sashena da nasa. Ni ana kawo mini fura da rana, shi yana kwance a zaure a kan tabarma da jiƙaƙƙen mayafi a ƙirji, leɓɓansa sun tsage. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Wani lokaci in ya gan ni sai ya ce in ci abincina a gabansa ba komai, kada in takura kaina. Na daina jin ɗanɗanon abinci. Matata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na yi mata tsawa. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, gobe ta zo in ce ai ya riga ya yi nisa, faɗar ba za ta rage masa komai ba. Mai son kare kansa ba ya rasa hujja.

Ranar da ya cika kwana arba'in da ɗaya yana azumi, da yamma, na same shi a zaure an ajiye masa kunu da ruwa a gabansa yana jiran faɗuwar rana. Ya yi ƙoƙarin gyara zama, ƙafar ta ƙi, ya cije baki. Sai ya ce da ni, ba da wata manufa ba, ya gode wa Allah da ni ban ji ciwo ba ranar, da bai san inda zai sa kansa ba. Wannan maganar ce ta karya ni. Na zauna a ƙasa na gaya masa komai: ƙananan lambobin da ban kwafa ba, tambayar mai kanti, huɗu da takwas, saƙon tsoho, famfon da na buga. Ban rage ko ɗaya ba.

Yana kallon ƙwaryar kunun, ƙuda na sauka yana kora. Na so ya zage ni, ko ya ɗauki sandar nan ya rafka mini. Da ya buɗe baki muryarsa a dishe take.

“Tsohon ya ce ka gaya mini?”

“Ya ce, Yaya.”

“Na kuma tambaye ka.”

“Ka tambaye ni.”

Ya gyaɗa kai. Aka kira salla, ya ɗauki ruwa ya kurɓa, ya ajiye. Sannan ya ce, “Da ka faɗa tun farko, Auta, da na sami abokin sahur.”

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya. Na ce ya ajiye sauran ni in ɗauka, ya ce shi ke riƙe da sitiyari, zai cika nasa, ni ma in je in tambayi liman nawa. Washegari na fara nawa azumin. Shi ya gama, ni na ci gaba har ruwa ya sauka. Na je wajen babban ɗan Baffa na gaya masa gaskiya, ya ce sun riga sun yafe, ba su ware kowa ba. Amma ban iya tsayawa a ƙofar masallaci na faɗa wa jama'a ba, kuma nan ne ya kamata in faɗa. Yayana bai nemi in yi ba, ni kuma na fake da shirunsa. Ya koma noma da gurguwar ƙafa, bai sake riƙe sitiyari ba. Bai taɓa canza mini fuska ba, 'ya'yana ma a hannunsa suka tashi. Sai dai daga ranar, in takarda ta zo masa, yakan dogara sandarsa ya tafi har Ajingi wajen malamin makaranta ya karanta masa. Shekara ashirin da wani abu ya yi bayan haka, kuma har ya rasu in baƙo ya tambayi ko wane ne, sai a ce direban nan ne da ya yi gudu da Baffa.

Yanzu jikokina biyu direbobi ne. Sun nuna mini tayoyin zamani, rubutun ya ma fi na da yawa: akwai lambar nauyin da taya ke ɗauka, akwai harafin iyakar gudunta, har mako da shekarar da aka ƙera ta suna nan a jiki. Nakan ce musu kada su sayi taya don girmanta ya yi daidai, ko don sabuwa ce tana sheƙi. Su durƙusa su karanta ƙananan rubutun nan duka, wanda ba su gane ba su tambayi wanda ya gane, ko da bai taɓa shiga aji ba. Suna ji suna cewa to, Kaka, kamar yadda ake amsa wa tsoho.

Abin da na koya, na koye shi da ran mutum ɗaya da ƙafar wani. Rashin sani ba shi ya kashe Baffa ba, domin an sanar da ni a ƙarƙashin ɗurumin nan, a fili, tun tayar ba ta taɓa ƙasa ba. Kunyar cewa ban sani ba ita ta kashe shi. Kalma uku ce, da na faɗe ta direbobi huɗu ne za su yi mini dariya, kafin su gama shan rakensu sun manta. Na guje wa wannan dariyar, ga shi ina biya har yau. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya jiƙan tsohon da ya ba ni amana na ci. Yayana kuwa, wanda duk ya taɓa jin labarin nan a ƙasarmu, ina so ya sani: bai yi gudu ba.